Mai Uwa A Gindin Murhu: Yadda Amurka Ke Kare Manyan Ayyuka Daga Shari'ar Muhalli

A ranar 3 ga Maris, 2022, Kotun Ƙolin Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ƙi amincewa da roƙon Jami'ar Kalifoniya reshen Berkeley na a jingine wani umarni da wata kotun ƙasa ta bayar. Umarnin ya tilasta wa jami'ar ta tsayar da yawan ɗalibanta a kan 42,347, wato adadin da take da shi a zangon karatu na 2020/2021. Lissafin da hukumar jami'ar ta fitar a lokacin ya nuna cewa sai ta rage sababbin ɗalibai kimanin 3,000, abin da ke nufin matasa sama da 5,000 da suka cancanci takardar ba su gurbin karatu ba za su same ta ba.

Wata ƙungiyar mazauna unguwannin da ke kewaye da jami'ar ce ta shigar da ƙarar. Hujjarta ita ce jami'ar ta yi ta ƙara ɗalibai fiye da yadda ta yi hasashe a tsarinta na 2005, ba tare da ta nazarci abin da ƙarin zai jawo wa garin ta fuskar tsadar haya, hayaniya da tarin shara ba, kamar yadda dokar muhalli ta jihar ta tanada. Alƙali kuma ya gamsu da hujjar.

Kwana 11 kacal bayan matakin Kotun Ƙolin, majalisar dokokin jihar ta zartar da wata sabuwar doka ba tare da ƙuri'ar adawa ko ɗaya ba. Gwamna Gavin Newsom ya sa mata hannu a ranar, umarnin kotun ya tashi aiki, jami'ar ta ci gaba da ɗaukar ɗalibai yadda ta tsara.

Wannan lamari ya sake fito da wata tambaya da ta daɗe tana raba kawunan Amurkawa. Idan dokar da aka kafa domin kare muhalli ta zama hanyar tsayar da ginin makarantu da gidaje, ta yaya za a kare waɗannan ayyuka daga shari'a ba tare da an raba talaka da wurin kai kukansa ba? A tsawon shekara 50 da suka wuce, 'yan majalisun ƙasar sun gwada hanyoyi uku: gajarta wa'adin shari'a, tsame wasu nau'o'in ayyuka daga dokar, da kuma rufe ƙofar kotu a kan wani aiki guda da aka ambata da suna. Kowace hanya tana da wanda ke cin moriyarta, tana kuma da wanda ke ɗaukar nauyinta.

Dokar da ba ta da mai gadi sai kotu

A watan Janairun 1969, wata rijiyar mai da ke cikin teku kusa da garin Santa Barbara a Kalifoniya ta fashe, ɗanyen mai ya mamaye gaɓar teku, dubban tsuntsaye suka mutu. Fushin da jama'a suka nuna na cikin abubuwan da suka sa Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar muhalli ta tarayya, wadda ake kira NEPA, a ranar 1 ga Janairu, 1970. A cikin wannan shekarar ce Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a kan takwararta ta Jihar Kalifoniya, mai suna CEQA.

Dokokin biyu suna da manufa iri ɗaya. Kafin hukuma ta amince da wani aiki, wajibi ne ta binciki illar da zai iya yi wa iska, ruwa, ƙasa, dabbobi da mutanen da ke wurin, ta rubuta rahoto, ta baje shi ga jama'a, sannan ta amsa ƙorafe-ƙorafensu. Dokar Kalifoniya ta ɗara ta tarayya ƙarfi, domin ta wajabta rage illar da aka gano matuƙar hakan zai yiwu. Da farko an ɗauka ayyukan gwamnati kaɗai ta shafa. Sai dai a 1972, a wata shari'a kan ginin gidaje a yankin tsaunukan Mammoth, Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa duk aikin ɗan kasuwa da ke buƙatar hukuma ta duba ta ba shi izini ya shiga ƙarƙashinta. Daga nan ta zama dokar da kusan kowane babban gini a jihar sai ya ratsa ta cikinta.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne babu wata hukuma guda da aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa ana bin dokar. Hukumar da ke son aikin, ko ƙaramar hukumar da ke ɗokin harajin da zai kawo mata, ita ce ke tantance rahoton ta kuma amince da shi. Idan ta yi rufa-rufa, babu wanda zai tuhume ta sai wanda ya garzaya kotu, kuma a mafi yawan lokuta kwana 30 kawai yake da shi daga ranar da aka sanar da amincewa. Saboda haka duk matakin da ya taɓa damar shigar da ƙara, ya taɓa ginshiƙin dokar ne kai tsaye.

Lokacin da makamin ya sauya hannu

Kasancewar ƙofar a buɗe take ga kowa, masu niyya iri-iri sun shige ta. An ga 'yan kasuwa suna ƙarar abokan gogayyarsu domin hana su buɗe shago ko gidan mai a kusa. An zargi wasu ƙungiyoyin ƙwadago da amfani da barazanar ƙara domin tilasta wa kamfanonin gini su ba mambobinsu aiki. Masu gidaje a unguwannin masu hali kuwa sun mayar da dokar garkuwar hana a gina musu benaye a maƙwabta.

A birnin San Francisco, wata ƙara da aka shigar a kan shirin shata wa masu keke hanyoyi ta sa kotu ta dakatar da shirin daga 2006 har zuwa 2010. Tsawon shekara huɗu birnin bai iya aiwatar da shirin da zai rage hayaƙin motoci ba, da sunan kare muhalli.

A Berkeley ma rikicin bai ƙare da batun yawan ɗalibai ba. Jami'ar ta shirya gina ɗakunan kwana na ɗalibai 1,100, tare da gidaje sama da 100 na marasa matsuguni, a wani fili mallakarta mai suna People's Park, wanda ya yi suna tun zanga-zangar 1969. A watan Fabrairun 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce rahoton jami'ar bai cika ba, domin bai auna hayaniyar da ɗalibai za su riƙa yi a shagulgulansu na dare ba, bai kuma duba wasu filayen da za a iya ginin a kansu ba. Majalisa ta sake shiga tsakani a watan Satumban wannan shekara, ta yi dokar da ta ce surutun mazauna gida ba ya cikin illolin muhalli. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin jihar ta ba jami'ar gaskiya bisa sabuwar dokar.

Masana sun yi saɓani a kan girman matsalar. Lauya Jennifer Hernandez ta kamfanin lauyoyi na Holland & Knight, wanda ke wakiltar masu gine-gine, ta fitar da bincike a 2015 kan ƙararrakin da aka shigar daga 2010 zuwa 2012. Ta ce kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka shafi gine-gine an shigar da su ne a kan ayyukan da ke cikin gari, wuraren da tuni suke cike da gidaje, maimakon dazuzzuka ko gonaki. A ɗaya ɓangaren, binciken da gidauniyar Rose mai goyon bayan dokar ta ɗauki nauyi ya nuna cewa ƙararrakin ba sa wuce kimanin 200 a shekara, a jihar da ke da mutum kusan miliyan 39, kuma kashi biyu cikin 100 ne kawai na ayyukan da aka yi wa nazari ke kaiwa ga kotu.

Dukkan alƙaluman biyu na iya zama daidai. Ƙararrakin ba su da yawa, amma fargabarsu ta mamaye ko'ina. Banki ba ya sakin rance ga aikin da ke gaban alƙali, kuɗin ruwa da farashin kayan gini kuma ba sa jiran hukunci. Domin toshe duk wata kafa, lauyoyi kan sa a rubuta rahoto mai dubban shafuka wanda kan ci shekaru. Wannan na faruwa ne a jihar da matsakaicin farashin gida ya haura dala 800,000, kuma mutum sama da 180,000 ba su da wurin kwana.

Waɗanda suka fara samun kariya

Da majalisar Kalifoniya ta fara raba kariya daga shari'a, masu gina gidajen talakawa ba su kasance a sahun gaba ba. A 2009, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a kan dokar da ta tsame wani filin wasa mai kujeru 75,000 da wani attajiri ya shirya ginawa a City of Industry, kusa da Los Angeles, daga dokar muhalli ɗungurungum. Wannan mataki ya kashe ƙarar da wasu mazauna garin Walnut da ke maƙwabtaka suka riga suka shigar. Har yau ba a gina filin ba. A 2011 aka yi wa wani filin wasan da aka so ginawa a tsakiyar Los Angeles tasa dokar ta musamman, shi ma bai tabbata ba.

Haka aka ci gaba. A 2013 aka yi wa zauren wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar Sacramento Kings doka, a 2018 aka yi wa na Los Angeles Clippers da ke Inglewood, da kuma filin da ƙungiyar Oakland Athletics ta so ginawa a bakin ruwa. A 2024 kuwa, bayan masu adawa sun yi nasara a kotu a kan wani ɓangare na aikin sabunta ofisoshin majalisar da ke Sacramento, aikin da kuɗinsa ya haura dala biliyan ɗaya, sai 'yan majalisar suka tsame ginin nasu daga dokar. Masu iya magana sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ƙaramin kamfanin da ke son gina gidaje 40 a wata unguwa ba shi da wakilin da zai kai masa ƙuduri zauren majalisa, don haka shi ne ya ci gaba da bin dogon layi.

A cikin wannan yanayi aka samar da hanya mafi sauƙin karɓuwa, wato gajarta wa'adi. Wata doka da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2011 ta ba gwamna ikon zaɓar ayyukan da jarinsu ya kai dala miliyan 100, waɗanda suka cika wasu sharuɗɗa na albashi da rage hayaƙi, domin a hanzarta shari'arsu. Bayan gyaran da aka yi mata, an buƙaci kotuna su kammala irin wannan shari'a, har da ɗaukaka ƙara, cikin kwana 270 gwargwadon iko. Sabuwar hedikwatar kamfanin Apple a Cupertino da zauren wasan Golden State Warriors a San Francisco na cikin waɗanda suka amfana. Sai a 2021 aka sauko da ma'aunin zuwa dala miliyan 15 ga ayyukan gidaje masu ɗauke da kason masu ƙaramin ƙarfi, a 2023 kuma aka faɗaɗa tsarin zuwa ayyukan ruwa, lantarki da sufuri.

Madatsar ruwa ta Sites da ake shirin ginawa a arewacin jihar ta zama zakaran gwajin dafi. Gwamna Newsom ya sanya ta cikin tsarin a watan Nuwamban 2023, ƙungiyoyin kare muhalli suka shigar da ƙara, kotun farko ta saurare su ta yi watsi da ita, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Satumban 2024. An yi komai cikin ƙasa da shekara guda. Masu ƙara sun sha kaye, amma alƙali ya duba hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, masu aikin kuma sun san matsayinsu da wuri.

Idan aka kulle ƙofa da kwaɗo

Hanya mafi tsauri ita ce wadda Majalisar Dokokin Tarayyar Amurka ta bi a kan wasu manyan bututu guda biyu, shekara 50 a tsakaninsu.

Bayan gano ɗimbin mai a Prudhoe Bay da ke arewacin Jihar Alaska a 1968, kamfanonin mai suka shirya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 1,300 zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez. A watan Afrilun 1970 kotu ta dakatar da aikin bisa ƙarar ƙungiyoyin kare muhalli. Shari'a ta ɗauki fiye da shekara uku. A ranar 17 ga Yuli, 1973, Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin da ya ayyana cewa aikin ya cika sharuɗɗan NEPA kuma kotuna su janye hannunsu. Aka yi kunnen doki, 49 da 49, Mataimakin Shugaban Ƙasa Spiro Agnew ya raba gardama da ƙuri'arsa. Takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoba ya kawar da sauran adawa, Nixon ya sa hannu a ranar 16 ga Nuwamba, mai ya fara kwarara a 1977.

Sai dai shekarun da aka yi ana jayayya ba su tafi a banza ba. Tsarin farko shi ne a binne kusan dukkan bututun a cikin ƙasa. Masana ilimin ƙasa na gwamnati suka yi gargaɗin cewa zafin man zai narkar da ƙasar yankin da ke daskare duk shekara, bututun ya lotsa ya karye. Aka sake tsari, aka ɗora fiye da rabinsa a kan turaku, aka kuma yi masa shimfiɗa ta musamman a inda ya ratsa layin girgizar ƙasa na Denali. A watan Nuwamban 2002 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.9 ta afku a wannan layi, bututun bai fashe ba.

Na biyu shi ne bututun iskar gas na Mountain Valley, mai tsawon kusan kilomita 490, daga Jihar West Virginia zuwa Virginia. An amince da shi a 2017, aka fara aiki a 2018. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya da ke Richmond ta yi ta soke izinin da hukumomi suka ba shi, a kan batun zaizayar ƙasa a gandun dajin Jefferson, ratsa ƙoramu, da wasu nau'o'in kifi da ke gab da ƙarewa. Ƙorafin bai kasance na fatar baki ba, domin a 2019 kamfanin ya amince ya biya Jihar Virginia tarar dala miliyan 2.15 saboda saɓa ƙa'idojin kare ruwa da ƙasa.

A watan Yunin 2023, yayin da ake cinikin siyasa kan ɗaga iyakar bashin da gwamnatin tarayya za ta iya ci, aka cusa wani sashe a cikin dokar, bisa matsin lambar Sanata Joe Manchin na West Virginia. Sashen ya tabbatar da dukkan izinin bututun, ya kuma ƙwace wa kotuna hurumin sauraron ƙara a kansu. Sanata Tim Kaine na Virginia ya nemi a cire shi, bai samu rinjaye ba. A ranar 27 ga Yuli Kotun Ƙolin Amurka ta ɗage umarnin dakatarwar da ya rage. Kotun Richmond ta kori ƙararrakin a watan Agusta, amma biyu daga cikin alƙalanta uku sun rubuta damuwarsu a kan abin da irin wannan doka ke nufi ga rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren shari'a. Gas ya fara bi ta bututun a watan Yunin 2024, bayan kuɗin aikin ya ninka fiye da sau biyu.

Masu goyon bayan bututun sun ce shari'a ce ta jawo wannan asara. Manoma da masu filayen da ya ratsa kuwa sun ce an sauya musu dokar wasa ne a daidai lokacin da suke cin nasara.

Waɗanda ba su da kowa sai alƙali

Kafin a yanke cewa shari'ar muhalli ɓata lokaci ce kawai, yana da kyau a duba unguwannin da ba a cika jin muryarsu ba. A 2001, mazauna San Pedro da Wilmington, unguwannin ma'aikata da ke jikin tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, tare da ƙungiyar NRDC, sun yi ƙarar hukumar tashar saboda ta amince da sabon wurin sauke kwantenoni na kamfanin China Shipping ba tare da cikakken nazari ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsayar da aikin. A sulhun da aka cimma a 2003, hukumar ta ware dala miliyan 50 domin rage illa, aka kuma fara haɗa jiragen da ke tsaye da lantarkin tashar, maimakon su bar injinansu suna turnuƙe unguwa da hayaƙin dizal. A 2015 ta bayyana cewa hukumar ba ta aiwatar da 11 daga cikin matakai 52 da ta ɗauki alkawari ba. Mutanen ba su da wata mafita face su sake komawa kotu, kuma hakan suka yi.

A garin Fontana, hukumomi sun amince da gina wani katafaren sito a jikin katangar makarantar sakandaren gwamnati, a yankin da tuni akwai irin waɗannan sito sama da 20 cikin tazarar mil ɗaya, manyan motoci suna kai da komo dare da rana. Babban Lauyan jihar, Rob Bonta, ya shigar da ƙara a 2021. A sulhun 2022, garin ya kafa doka mai tsauri a kan duk sabon sito, wadda ta haɗa da dasa itatuwa a tsakaninsa da maƙwabta da amfani da injinan da ba sa fitar da hayaƙi. A Moreno Valley kuwa, kamfanin da ke gina wata babbar cibiyar ajiyar kaya ya amince a 2021 ya kashe har dala miliyan 47 wajen rage gurɓatar iska, bayan shekaru ana shari'a.

A duk waɗannan misalai ba a soke aikin ba. An dai tilasta wa mai shi ya biya kuɗin gyaran da, in ba don kotu ba, huhun 'ya'yan maƙwabta ne zai biya.

Sauyin 2025

A ranar 30 ga Yuni, 2025, Gwamna Newsom ya sa hannu a kan dokoki biyu da ake ɗauka a matsayin gyara mafi girma da aka yi wa CEQA cikin shekaru masu yawa, bayan ya sharɗanta cewa kasafin kuɗin jihar ba zai fara aiki ba sai an zartar da gyaran. Ta farko, wadda ta samo asali daga ƙudurin 'yar majalisa Buffy Wicks, ta tsame mafi yawan gine-ginen gidaje a cikin gari, a filin da bai wuce eka 20 ba, matuƙar sun dace da tsarin garin kuma ba a wuri mai haɗari ko fadama suke ba. Ta biyu, daga ƙudurin Sanata Scott Wiener, ta tsame ayyuka irin su gidajen renon yara, ƙananan asibitoci, rumbunan abincin agaji, gidajen ma'aikatan gona da ayyukan rigakafin gobarar daji.

Bambancin wannan da dokokin filayen wasa a bayyane yake: an rubuta ƙa'ida ɗaya, duk wanda ya cika ta ya samu kariya, ko yana da uban gida a majalisa ko ba shi da shi. Sai dai an saka wani abu da ya tayar da ƙura, wato tsame masana'antun fasahar zamani da za a gina a filayen da aka ware wa masana'antu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin unguwannin talakawa sun yi nuni da cewa irin waɗannan filaye galibi a jikin gidajen marasa ƙarfi suke, kamar na Fontana da Wilmington, kuma ma'anar da aka ba irin waɗannan masana'antu tana da faɗi ƙwarai. Sun kuma koka da cewa an zartar da dokar cikin 'yan kwanaki, a ƙunshe cikin kasafin kuɗi, ba tare da isasshen zaman sauraron jama'a ba.

A matakin tarayya ma iskar ta kaɗa ta wannan fuska. Wani bincike na fadar White House da aka fitar a 2020 ya nuna cewa cikakken rahoton muhalli kan ɗauki shekara huɗu da rabi a matsakaici. Dokar 2023 da ta ceci bututun Mountain Valley ta ƙayyade masa shekara biyu da shafi 150, ko 300 idan aikin mai sarƙaƙiya ne. Sannan a ranar 29 ga Mayu, 2025, a shari'ar wani layin dogo mai tsawon kilomita 140 a Jihar Utah, Kotun Ƙolin Amurka ta umarci ƙananan kotuna su riƙa girmama hukuncin hukumomi a kan iyakar abin da rahoto zai ƙunsa. Dukkan alƙalai takwas da suka zauna sun amince da sakamakon.

Inda zancen ya shafi Nijeriya

Tsarin da Amurka ta ƙirƙiro a 1970 ya bazu zuwa ƙasashe sama da 100, Nijeriya na cikinsu. Bayan badaƙalar sharar guba da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, sannan a 1992 ta fitar da Doka ta 86, wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Dokar ta tanadi baje rahoto ga jama'a na tsawon kwana 21 na aiki, kuma madatsun ruwa, manyan hanyoyi, sababbin layukan dogo da dogayen bututun mai da gas duk suna cikin jerin ayyukan da ta shafa.

Sai dai matsalar Nijeriya kishiyar ta Kalifoniya ce. A can ana neman yadda za a rage cunkoso a bakin ƙofar kotu, a nan kuwa ƙofar ce ta daɗe tana da wuyar buɗewa. Mafi girman tarar da dokar 1992 ta yanka wa kamfanin da ya saɓa mata ita ce naira miliyan ɗaya, kuɗin da ba zai sa wani ɗan kwangilar aikin biliyoyi ya rasa barci ba. Lokacin da marigayi Oronto Douglas, lauya mai fafutukar kare muhalli, ya ƙalubalanci aikin sarrafa iskar gas na Bonny bisa zargin rashin bin wannan doka, Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙararsa da hujjar cewa ba shi da hurumin shigar da ita. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 1998, amma a lokacin aikin ya riga ya yi nisa, kuma a 1999 aka fara fitar da gas. 'Yan Nijeriya da suka rayu a zamanin soja sun kuma san dokokin da kan haramta wa kotu sauraron ƙara a kan wani mataki na gwamnati, irin abin da aka yi wa bututun Mountain Valley.

Duk lokacin da aka zo gyara dokar 1992, abin da ya faru a Amurka zai iya taimaka wa 'yan majalisa su bambance tsakanin matakan uku. Sanya wa shari'a wa'adi yana amfanar mai aiki da mai ƙorafi baki ɗaya. Tsame ayyuka bisa ƙa'ida ɗaya yana da amfani idan an yi shi a bainar jama'a kuma an tantance abin da ya shiga jerin. Rufe kotu saboda aiki guda kuwa yana mayar da doka hannun wanda ya fi kusa da masu mulki.

A halin yanzu, wa'adi shi ne abin da mai ƙorafi a Nijeriya ya fi buƙata. A 2003 bututun mai na kamfanin NNPC ya fashe a yankin Acha da ke Ƙaramar Hukumar Isuikwuato a Jihar Abiya, ya gurɓata ƙoramun da jama'a ke sha. Ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch ta kai ƙara, kotuna biyu suka ce ba ta da hurumi. Sai a watan Yulin 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da damar tsaya wa al'umma a shari'ar muhalli, ta kuma mayar da ƙarar Babbar Kotun Tarayya domin a fara sauraron ainihin ƙorafin, shekara 15 bayan man ya malala.